Yadda ake horar da limaman coci a arewacin Najeriya

Duk wanda ya tashi daga Jahun ko Dutse a jihar Jigawa da niyyar zurfafa karatu a fannin tauhidin Kirista, to akasari sai ya ɗauki hanyar Birnin Kudu da Ningi zuwa Jos, ko kuma ya nufi Kaduna ko Zariya, domin a can ne manyan makarantun da suka yi suna a wannan fanni suke.

Kiristoci dai 'yan tsiraru ne a Jigawa, jihar da aka ƙirƙiro a shekarar 1991. Sun haɗa da ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga wasu jihohi, da kuma Hausawa 'yan ƙasa waɗanda akasarinsu suka fito daga zuriyar Maguzawa.

Ɗarikar Angilikan ta ba Dutse bishop nata a shekarar 1996, yayin da mabiya ɗarikar Katolika na jihar suke ƙarƙashin bishop na Kano.

Asalin makarantun

A shekarar 1893 ne wasu 'yan mishan uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da burin shiga ƙasar Hausa. Biyu daga cikinsu sun mutu a shekara mai zuwa, amma ƙungiyar da Bingham ya ci gaba da jagoranta, wato SIM, ita ce ta haifi cocin ECWA a 1954.

Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe ta hanyar aikin jinyar kutare, kamar a Yadakunya kusa da Kano, kuma SIM ta samu zama a wurare irin su Roni, wadda yanzu take cikin Jigawa.

An kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka muhimmiyar rawa a cikinsa. Wannan fassara ce ta zama jigon karatu a makarantun Baibul na Hausa, irin su ta Kagoro da ta Tofa, inda ake yaye masu bishara da ke komawa ƙauyuka suna noma suna wa'azi.

Daga baya ne aka soma karatu mai zurfi da Turanci. Tarayyar coci-coci ta TEKAN ta buɗe kwalejin TCNN a ƙarshen shekarun 1950, wadda take Bukuru, ECWA kuma ta buɗe JETS a Jos a 1980. Katolika na da makarantar St Augustine a Jos, Angilikan na da ta St Francis a Wusasa, 'yan Baptis kuma suna da tasu a Kaduna.

Mutumin da aka fi tunawa wajen fafutukar ɗaga darajar wannan karatu shi ne Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda ya yi digirin digirgir a Dallas ta Amurka. Ya rasu a teku kusa da Mombasa a 1975 yana da shekara 39, kuma shekara guda bayan haka aka kafa hukumar ACTEA mai tantance makarantun tauhidi a Afirka, abin da ya yi ta kira a kai.

Abin da ake karantawa

Digirin da ya fi dacewa da aikin fasto shi ne wanda ake kira M.Div, wanda kan ɗauki shekara uku. An tsara shi musamman domin wanda ya riga ya yi digirin farko a wani fanni, ko da kuwa aikin gona ne ko lissafi.

Ɗalibi kan koyi Ibrananci da Girkanci, harsunan da aka fara rubuta Littafi Mai Tsarki da su, da tarihin ikilisiya, da dabarun wa'azi, da tafiyar da coci. A arewa akan ƙara da nazarin addinin Musulunci, tun da da Musulmi faston zai zauna, ya ci kasuwa, ya yi gaisuwar mutuwa.

Tsarin Katolika ya fi tsawo, domin sai mutum ya yi falsafa sannan tauhidi, kuma yakan kai shekara takwas ko tara kafin a naɗa shi fada.

Ba da shawara

Wani fanni da ake karantawa shi ne na ba da shawara da kwantar da hankali. Tushensa na zamani yana Amurka, inda a 1925 wani limami mai suna Anton Boisen, wanda shi kansa ya yi fama da taɓin hankali, ya soma kai ɗaliban tauhidi asibiti domin su koyi sauraren majinyata.

A arewacin Najeriya ba rikicin aure da shaye-shaye kaɗai ake kawo wa fasto ba. A watan Satumban 2006 an ƙona majami'u da dama a Dutse bayan zargin ɓatanci ga addini. A watan Oktoban 2014 kuma mayaƙan Boko Haram sun mamaye hedkwatar cocin EYN da makarantar Kulp da ke Kwarhi kusa da Mubi, lamarin da ya tarwatsa malamai da ɗalibai. Wanda ya tsira daga irin wannan, sau da yawa gidan fasto yake fara zuwa kafin asibiti.

Saboda haka ake koya wa ɗalibai yadda za su saurari mutum ba tare da katse shi da wa'azi ba, da riƙe sirri, da gane alamun firgita da tsananin damuwa. Abu mafi wuya shi ne sanin iyaka, wato lokacin da ya kamata a ce wa iyali su kai ɗansu asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau, maimakon a ɗora komai a kan aljanu. A watan Janairun 2023 ne Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 tare da fayyace haƙƙin majinyata.

Sai dai akwai giɓin harshe. Da Turanci ake karatun, yawancin littattafan kuma an rubuta su ne da Bature a zuciya, wanda ke zuwa shi kaɗai ya zayyana damuwarsa a ofis. A ƙauyukan Jigawa kuwa da Hausa ake magana, kunya kan hana mace faɗin abin da ke ranta a gaban namiji, kuma rikicin ma'aurata ba ya ƙarewa sai iyaye da dattawa sun sa baki. Wannan ya sa matar fasto da ƙungiyar Zumuntar Mata kan ɗauki kaso mai yawa na aikin, alhali ba su ne aka tura makaranta ba.

Ga kuma batun kuɗi. Ƙaramar majami'a ta karkara, wadda baikonta kan zo da damin gero bayan kaka, da wuya ta iya ɗaukar nauyin fasto da iyalinsa har shekara uku a Jos. Wasu makarantun sun ɓullo da karatun lokacin hutu domin fasto ya riƙa zuwa yana dawowa, amma wanda ya kammala digiri na biyu galibi manyan majami'un birni ko makarantun kansu ne ke janye shi.