Tsirar Suna a Hausar Gwandu da Kalgo: Kwatanci da Ingilishi, Indonisiyanci da Jabananci

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ɗafa-goshin ma- ke tsirar da suna daga aikatau a Hausar Gwandu da Kalgo ta Jihar Kabi. Ta nuna cewa tsarin ya fi kusa da na harsunan Indonisiya fiye da na Ingilishi, kuma karin harshen yamma na riƙe da tsohuwar siffar saiwar wasu kalmomi.

Gabatarwa

Nazarin ƙirar kalma ba baƙo ba ne a Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke garin, ya rubuta Alhisnur Rasin a kan sarafin Larabci. Abin da ke damun mai wannan nazari shi ne, ɗalibanmu na yau, har da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi da aka kafa a 2013 kuma mazauninta ke Kalgo, sukan fara auna Hausa da mudun Ingilishi, alhali mudun bai dace da hatsin ba.

Kwatanci

Ingilishi da ɗafa-ƙeya yake yawan tsirar da suna: teach ya ba da teacher, kind ya ba da kindness. Indonisiyanci kuwa kan kama saiwa gaba da baya a lokaci guda: adil, wato mai adalci, ya koma keadilan, adalci. Haka Jabananci, wani harshen na Indonisiya: daga ratu, sarki, aka sami karaton, fada, daga turu, yin barci, aka sami paturon, makwanci.

Wannan shi ne ainihin abin da Bahaushe ke yi. Ma- ba ya aiki shi kaɗai, sai da wasalin ƙarshe. Daga ƙera a sami maƙeri da maƙera, daga girba a sami magirbi, daga rina a sami marini da marina. Ko sauyin baƙi ma akwai shi a ɓangarorin biyu: t na tulis, rubuta a Indonisiyanci, ya ɓace a penulis, marubuci, yayin da t na rubuta ya ganɗance ya koma c a marubuci.

Inda Hausa ta yi musu fintinkau shi ne karin sauti, kuma nan ne rubutun boko ke ɓoye mana gaskiya. Kalmar maƙera biyu ce. Idan gaɓar tsakiya ta sauka, mutanen ake nufi, jam'in maƙeri. Idan gaɓoɓin uku duk suka tsaya sama, wurin da zuga-zugi da uwar maƙera suke ake nufi. Haka marina, haka majema, haka masaƙa. Yaron Kalgo da aka aika maƙera ba ya ruɗewa, amma ɗalibin da ya haɗu da kalmar a takarda sai ya nemi jimla ta cece shi. Don haka ɗafin Hausa ƙafa uku gare shi kamar murhu: goshi, ƙeya, da karin sauti. Paul Newman ya fayyace wannan a nahawunsa na 2000. Kamannin ma- na makaranta da na madrasa ta Larabci kuwa gadon dangin Afro-Asiya ne, ba aro ba.

Gudummawar Karin Yamma

Mutumin Gwandu zamna yake cewa, ba zauna ba, saboda haka sunan da ke tsirowa a bakinsa mazamni ne. Ɗafin bai sauya ba, saiwar ce ta riƙe baƙin leɓe wanda ya narke ya koma u a Kananci. Amfanin wannan ga mai nazari babba ne. Wanda aure kaɗai ya sani zai sha wuya kafin ya gano daga ina m na amarya ya fito. Wanda ya tashi yana jin amre ko arme a gidan biki, saiwar tana gabansa a fili. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana irin waɗannan siffofi masu yawa, amma littattafan makaranta sun bi daidaitacciyar Hausa sun bar su a baya, har malami a Gwandu kan sa jan biro a kan mazamni, kalmar da ta girmi wadda yake gyarawa da ita.