Gumakan Dutse na Ƙasar Hindu da Tsumburbura ta Dala

Mutanen Kano sun daɗe da sanin siffar gumakan ƙasar Hindu, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa zuwa can. Tun cikin shekarun 1960 suke ganinsu a finafinan Indiya da ake nunawa a gidajen silima, ga kuma Indiyawa 'yan kasuwa da suka zauna a Nassarawa da Bompai. Wannan sabo kuwa ya jawo wani kuskure. In malami ya gaya wa ɗalibansa mutanen Dala sun bauta wa gunki mai suna Tsumburbura, sai yaro ya ƙiyasta wani mutum-mutumi na dutse mai hannuwa da yawa. Alhali kuwa kalmar gunki ce ta gama abubuwa biyu waɗanda ba iri ɗaya ba ne.

A fara da na ƙasar Hindu. A tsibirin Elephanta, kusa da birnin Mumbai, akwai wani kogo da aka fafe cikin dutse wajen ƙarni na 6 na Miladiyya. A ƙuryarsa an sassaƙa abin bautarsu Shiva da fuska uku, tsawonsa ya kusa ƙafa 20. Fuskar tsakiya a natse take, ta gefe guda a murtuke, ta ɗaya gefen kuwa mai taushi kamar ta mace. A wurin masu addinin, watau Shiva guda shi ke riƙe da duniya, shi ke hallakarwa, shi ke rayarwa. A Ellora kuma, cikin ƙarni na 8, zamanin Sarki Krishna na Ɗaya, aka sare wani ɗakin ibada sukutum daga jikin dutse guda, tun daga bisa har ƙasa.

Masassaƙi a can ba ya bin son ransa. Akwai littattafai da ake kira Shilpa Shastra, su ne suka ƙayyade awon jiki da irin tsayuwa da abin da kowane hannu zai riƙe. Yawan hannuwa alamar yawan iko ne. Vishnu yana da huɗu: ɗaya da katantanwar teku wadda ake busawa, ɗaya da faifan yaƙi, ɗaya da kulki, ɗaya da fure mai kama da na bado. Tafin hannu a ɗage yana duban mai kallo, ma'anarsa kada a ji tsoro. Kowane kuma da dabbarsa: Shiva da bijimi, Durga da zaki, Ganesha mai kan giwa da ɓera. Saboda haka ko wanda bai iya karatu ba, in ya dubi dutsen ya san wane ne, ya kuma san labarinsa. Sunan irin wannan sassaƙa da harshen Sanskrit murti, watau siffa ko jiki.

To, ina Tsumburbura? Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer ya fassara da Turanci cikin 1908, Hausarsa kuma tana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, bai ambaci masassaƙi ba, bai kuma siffanta fuskar Tsumburbura ko hannunta ba. Abin da ya nuna shi ne wani itace mai suna Shamus, an kewaye shi da ginin katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Jama'a na tsayawa daga waje da baƙin bunsuru da baƙin kare da baƙar kaza, shi kuwa ya shiga ya fito ya gaya musu abin da zai auku.

Yadda aka kau da wannan bauta ya ƙara tabbatar da haka. Bisa lissafin Palmer, Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) ya yaƙi masu tsafin, ya rushe wurinsu. A zamanin Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali, aka gina masallaci a gindin itacen tsafi. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka sare itacen, aka tayar da hasumiya a gurbinsa. Shekara fiye da ɗari ana tanƙiya, amma a kan itace da fili ake yinta.

Wannan ba ya nufin mutanen da ba su da alamu. Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya buga littafinsa cikin 1946, ya tarar iskoki a itatuwa suke zama, irin su tsamiya da kuka, kowanne kuma da irin dabbar da ake yanka masa da launinta. A wajen bori kuwa jikin mutum shi ne dutsen sassaƙar: Ɗan Galadima da adonsa na 'ya'yan sarauta, Malam Alhaji da tarinsa na tsufa, Kure da halin kura. Abin da Bahinde ya ajiye cikin dutse har ya kai shekara dubu, Bamaguje ya ajiye shi cikin launi da kiɗa da motsi, waɗanda ba sa barin kufai.

Sai dai kada a zarce da zato. A ƙasar Hindu ma ana girmama dutsen da ba a sassaƙa ba, kamar baƙin dutsen shaligram na kogin Gandaki a Nepal, wanda suke ɗauka a madadin Vishnu. Nijeriya kuma ba ta rasa masu fitar da siffa ba: ga kawunan yumɓu na Nok da aka fara tonowa cikin 1928, ga gumakan dutse ɗaruruwa a Esie ta Jihar Kwara, inda aka buɗe gidan ajiye kayan tarihi cikin 1945.

Abin da ya kamaci malamin tarihi, in kalmar gunki ta zo cikin darasi, shi ne ya tsaya ya bayyana wane iri ake nufi: siffar da aka sassaƙa, ko wurin da aka keɓe aka ce iska na ciki. Ɗalibin da ya hau Dala yana neman ɓaraguzan mutum-mutumi zai sauko hannu banza, ya zaci babu tarihi a wurin, alhali kuwa dutsen da yake takawa shi ne babbar shaidar da ta rage.