Tarihin ƙofar shiga intanet

Ɗan'uwa mai karatu, ko a Agye kake, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, in salularka tana hawa intanet, to da ƙofar da take bi. Sunanta burauza. Ga tarihinta.

A 1990 wani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya ƙirƙiro ta farko a ƙasar Suwis. A 1995 kamfanin Microsoft ya fito da Internet Explorer, ta mamaye duniya. Amma ɓarayi suka riƙa samun ɓaraka a jikinta, mutane suka yi ta kuka. Firefox ta zo a 2004, Chrome a 2008, jama'a suka koma gare su. A 2022 aka jingine tsohuwar.

Yau in salula ta ce ka sabunta burauza, sai ka yi tsaki: kuɗi za su tafi, abin da ka saba dannawa ya sake wuri. Gaskiyarka. Amma ka tuna katangar gidanka. Kana yi mata yaɓe kafin damana. Sabuntawa ita ce yaɓen burauza: tana toshe ramin da ɓarawo zai bi ya ɗauki lambar sirrinka, ya kwashe kuɗinka.