Auren Matar Ɗan'uwa a Dokar Bani Isra'ila

A zamanin da, gona ita ce ƙashin bayan iyali a wurin Bani Isra'ila, kuma ta hannun 'ya'ya maza take sauka daga uba zuwa ɗa. Mutumin da ya rasu bai bar ɗa ba, sunansa na iya ɓacewa, matarsa kuwa ba ta da kaso a gadon. Wannan matsalar ce babi na 25 na Littafin Maimaitawar Shari'a, cikin Attaura, ya yi wa hukunci.

Idan 'yan'uwa suna zaune wuri ɗaya, ɗayansu ya mutu ba magaji, ba a aurar da matar ga bare. Ɗan'uwan mamacin ne zai aure ta, ɗan farin da ta haifa kuma a lasafta shi na mamacin. Wannan rangwame ne na musamman, domin a sauran halaye Littafin Firistoci ya haramta wa mutum matar ɗan'uwansa.

Dokar ta bar ƙofar ƙi a buɗe, amma da tsada. Matar takan kai ƙara wurin dattawa a ƙofar gari, su kira ɗan'uwan mamacin su yi masa magana. In ya kafe, sai ta cire masa takalmi a gabansu, ta tofa masa yawu, tambarin kunyar ya bi gidansa. Abin lura ne ƙwarai cewa matar, wadda ta fi kowa rauni a lamarin, ita ke zartar da hukuncin da hannunta.

Daga baya malaman Yahudawa da yawa sun fifita cire takalmin a kan auren. A 1950 majalisar manyan malaman Isra'ila ta hana auren a ƙasar.