Da'ira biyu a kan karta guda: yadda tarot ya haɗu da koyarwar Buda

Wanda ke yawo a shafukan Facebook na Faransanci ya sha ganin masu fassara kartar tarot da kalaman Buda, suna cewa wai hikima ce ta dubban shekaru. Tarihi bai yarda da wannan ba.

Karta ta shigo Turai wajen 1370 daga Masar ta zamanin Mamluk. Tarot kuwa a arewacin Italiya aka ƙago shi, wajen 1440, a fadojin Milan da Ferrara, kuma wasa ne zalla: karta 78, 22 daga ciki masu zane na musamman da ke cin sauran. Har gobe Faransawa na buga shi a matsayin wasa. Sai a 1781 wani malami a Paris, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa asirin firistocin tsohuwar Masar ne ke ɓoye a zanen. Ba shi da hujja, kuma da Champollion ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822 ba a ga komai mai kama da haka ba. Amma magana ta riga ta fita, masu duba sun rungume ta, tarot ya zama abin da bugun ƙasa yake a wurinmu.

Mu ɗauki karta ta 10, Da'irar Sa'a. A tsohon zanen gidan Visconti na Milan, mace ce da aka ɗaure wa idanu a tsakiyar wata da'ira mai kama da ƙafar amalanke. Wani na hawa, wani na bisa yana mulki, wani na gangarowa, ga tsoho a ƙasa yana rarrafe. Saƙon ya fito daga tunanin Rumawa, wanda Boethius ya yaɗa a ƙarni na 6: wata ce ke juya abin, kai dai fasinja ne.

Mabiya Buda su ma suna da tasu da'irar, bhavacakra, wadda ake zanawa a ƙofar gidajen ibadar Tibet, kuma akwai tsohon samfurinta a kogon Ajanta na Indiya tun ƙarni na 5. To a nan ne zancen ya bambanta. A cibiyarta babu wata mace mai rabon sa'a. Dabbobi uku ne, zakara da maciji da alade, kowa na cizon wutsiyar ɗan'uwansa: kwaɗayi, ƙiyayya da jahilci. Wato abin da ke juya mutum yana cikin ƙirjinsa.

Haɗa waɗannan biyu aikin ƙarshen ƙarni na 20 ne, bayan da tunanin Carl Jung ya sa Turawa da Amurkawa suka fara ɗaukar zanen karta a matsayin madubin zuciya. Robert Place ya fitar da The Buddha Tarot a 2004. Mai wannan hanya idan ya jawo karta ta 10 ba ya tambayar ko kasuwarsa za ta buɗe bana. Yana tambayar wanne cikin dabbobin nan uku ne ya hana shi barci, kuma me ya sa yake riƙe da kujerar da ya san za ta gangaro.

A ganina wannan tambayar ta fi ta masu duba nauyi. Sai dai masu sayar da kartar ba su cika faɗin cewa a nassin Brahmajala, na farko a tarin Digha Nikaya, an jera duba da fassarar alamu cikin ƙasƙantattun sana'o'in da Buda ya ƙaurace wa ba. Shi ya sa ƴan wannan hanya ke yawan rantsuwa cewa su ba gaibu suke karantawa ba, alhali kartar da ke hannunsu ta shafe fiye da shekaru 200 a teburin masu duba.