Gyaran Tunani da Ɗabi'a don Rashin Barci Bayan Raunin Ƙwaƙwalwa

Wannan hanya ce ta magani ba da ƙwaya ba, wadda asalinta ke komawa ga aikin likita Aaron Beck a Amurka cikin shekarun 1960. Wanda ya bugu a ka, kamar wani manomin Karfi da ya faɗo daga babur a hanyar Malumfashi, ko da rauninsa ya warke, yakan kwana ido biyu ya wuni da kasala, har dangi su zarge shi da lalaci, alhali kuwa larura ce. Cikin zama shida zuwa takwas, masani yakan hore shi da tsayar da lokacin tashi, da taƙaita ƙailula, da barin shimfiɗa idan barci ya ƙi, da raba aikin gona gwargwadon ƙarfinsa, da kawar da waswasin da ke hana zuciya natsuwa.