Tarihinmu Yana Cikin Tukunya: Abin Da Ya Kamata 'Ya'yan Kafanchan Su Sani

Ina so in ja hankalinmu kan wani abu da muke yi kullum sau uku a rana amma ba mu ɗauke shi bakin komai ba, wato abincin gidajenmu. Yau idan aka tambayi yaronmu daga ina kakansa ya zo, kuma me ya kawo shi Kafanchan, sai ya yi zuru. Wani ya ce Kano, wani ya ce Zariya, daga nan kuma shi ke nan. Alhali amsar tana cikin kwanon da ya gama suɗewa. Dattawan da suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa, kuma mafi yawan gidajenmu ba su ajiye takarda ba. Abin da ya rage a hannu shi ne tukunyar iyayenmu mata.

Mu faro daga can baya. Tun kafin Bature ya zo, fatake suna ratsa wannan ƙasa da jakunansu, daga Kano da Zazzau su gangara Keffi da Lafiya har bakin Binuwai. Sunan Zangon Katab ma ya isa shaida, wurin sauke kaya ne a huta. Suna kawo kanwa da tufafi da kayan ƙira, su koma da abin da ƙasar ke bayarwa, gishiri kuwa har daga Awe da Keana ake ɗauko shi. Guzurin bafatake shi ne abin da ba ya lalacewa a hanya: garin fura, da ƙuli-ƙuli, da dakuwa, da kilishi, da garin kuka. To duk gidan da kuka ga tsohuwa ba ta rabuwa da ƙullin kanwa da garin kuka a ɗakinta, gadon tafiya ne take riƙe da shi ko ba ta sani ba.

Wajen shekarar 1810 aka kafa masarautar Jama'a a Jama'an Daroro, a ƙarƙashin Malam Usman, tana biyayya ga Zazzau. Fulanin da ke kiwo a wannan yanki su ne tushenta, kuma ta hannunsu nono da man shanu suka zauna a cimarmu. Sai dai a gaya wa yara gaskiya, zamanin nan ba ciniki kaɗai aka yi ba. An yi yaƙe-yaƙe, an kama bayi, an kai gandu Zariya, kuma maƙwabtanmu ba su manta ba, su ma suna ba 'ya'yansu nasu labarin. Yaron da ya ji wannan daga bakin ubansa zai fi sanin yadda zai zauna da mutane fiye da wanda ya fara jin sa a bakin mai zagi.

Ita Kafanchan ɗin da muka sani, jirgin ƙasa ne ya raya ta. Ƙasar ta mutanen Fantsuwam ce, a nan dogo ya same su. A 1927 garin ya zama mahaɗa: layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya zo nan ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Gawayin Inugu yana hawowa, kuzar Jos tana gangarawa. A 1933 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa Kafanchan. Nan fa mutane suka yi ta kwararowa, leburori da mahauta da maɗinka da 'yan koli da malamai da almajiransu, ga Ibo da Yarbawa da Nufawa ma'aikatan reluwe. Kakana yana cikin waɗanda suka zo a shekarun nan daga ƙasar Kano, da niyyar cin rani ɗaya ya koma. Kabarinsa yana nan garin, haka na mahaifina.

Matan da suka biyo mazajensu su ne suka sha aikin sabo da wuri. Sun baro ƙasar gero, sun tarar da ƙasar ruwa da duwatsu, inda damina ke daɗewa. Gero irin na gida sai an sayo, abin da ke ƙasa shi ne dawa da dauro da acca da tamba, ga doya da gwaza da rizga. To ya za a yi? Sai suka koya. Matan Kagoro da Bajju da Kaninkon da ke kawo kaya kasuwa, su suka nuna musu yadda ake surfa acca a rairaye ta a ruwa har tsakuwa ta fita, don acca ba ta yafe wa mai gaggawa. Daga nan faten acca da yakuwa da gauta ya shiga gidajenmu, tuwon acca ya samu miyar kuka, aka dama fura da dauro. Ku je Kano ku duba, gida nawa ne ake tuƙa tuwon acca? Wannan namu ne na nan, shaidar cewa mun daɗe, kuma mun ci daga hannun mutanen ƙasar. Su ma sun karɓi namu: waina da ƙosai da tsire da kunun tsamiya, ba wanda yake tambayar addinin mai suya.

Jirgi kuma ya kawo nasa. Manja da garin kwaki da agushi sun hawo daga kudu, goro daga ƙasar Yarbawa, bayan layin Barno ya kai Maiduguri a 1964 bandar kifi ta ƙara yawa a kasuwa. Iyayenmu mata da yawa da tallar tasha suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Jirgi na tsayawa, yara su ruga da dafaffen ƙwai da gyaɗa da rake da ayaba, fasinja na miƙo kuɗi ta taga. Da rikicin 1966 ya zo, sannan yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, maƙwabtanmu Ibo suka tashi, hanyar gabas ta yanke. Mahaifiyata takan ce a miya suka fara gane girman abin, don manja ya yi wuya, aka koma man gyaɗa. Kun ga yadda kwalbar mai take riƙe da tarihin ƙasa guda.

Sai citta. Duk ɗan kasuwar wannan yanki ya san ita ce zinariyar ƙasar Jaba da Kachia da Kagarko. Manoma su noma, su tsaga, su shanya, mu kuma mu auna mu ɗura a buhu mu kai gaba. Gidaje nawa aka gina, aikin Hajji nawa aka sauke da kuɗin citta? Ciniki ne na amana, wani ya karɓi kuɗinka tun kafin shuka, ya kawo maka kaya da kaka ba takarda ba shaida. A 2023 da cuta ta faɗa wa gonakin citta ta ruɓar da ita a ƙasa, manomi ya yi kuka, ɗan kasuwa ya yi kuka, ba a bambance na masallaci da na coci ba. Idan uwa tana daka yajin jego ko tana jefa citta a kunu, lokacin ba da wannan labari ke nan.

Akwai kuma shekarun da ba ma son tunawa. Rikicin watan Maris na 1987 da ya taso daga kwalejin horon malamai ta Kafanchan, na Zangon Katab a 1992 wanda ya faro daga maganar tayar da kasuwa, na 1999, da na bayan zaɓe a watan Afrilun 2011 lokacin da kasuwar Kafanchan ta ƙone, aka yi asarar rayuka a Zonkwa da Matsirga da sauran wurare. Kowane ɓangare ya binne nasa. Iyalai da yawa sun watse, wasu Kaduna, wasu Saminaka, wasu Kano. Hotuna sun ƙone, allunan karatu da takardun filaye sun ƙone, amma matar da ta tsira da zanen jikinta ta tafi da girkinta a ka. Na san gidaje a Kaduna da har gobe ake aiko musu da acca daga nan, yaran da aka haifa can ba su taɓa ganin tashar Kafanchan ba amma sun san ɗanɗanon fatenta. Wani abin da ya yi rauni a shekarun nan shi ne kwanon maƙwabci. Da can, ranar Sallah yara sukan gaji da kai tuwo da nama gidajen Kirista, ranar Kirsimeti kuma shinkafa da cincin su shigo mana, har akan kira Musulmi ya yanka dabbar don mu iya ci. Da unguwanni suka rabu, wannan ya ragu ƙwarai, kuma yaron da bai taɓa kai kwano gidan wani ba, da wuya ya san mutuncinsa.

Don haka ina roƙon iyaye mata, idan za a ɗora tukunya a jawo yara kusa, a ajiye waya. A ce musu wannan miya wurin wance na koya, ita kuma daga gari kaza aka auro ta, a shekarar kaza. Mu maza kuma mu riƙa cin abinci da 'ya'yanmu a faranti ɗaya ko da sau ɗaya ne a mako, maimakon kullum a rumfar kasuwa ko majalisa. Wanda ke da tsohuwa a gida ya sa ɗan makarantar boko ko na Islamiyya ya zauna da littafi ya rubuta abin da za ta faɗa, sunayen kakanni da garuruwansu da sana'arsu, ko ya ɗauki muryarta a waya. Azumi yana da kyau ga wannan, tunda kowa yana gida lokacin buɗa-baki. Ƙungiya ma za ta iya tattara irin waɗannan rubuce-rubuce ta adana. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, mu kuwa gidanmu biyu, inda aka fito da inda aka binne cibiya, kuma ya kamata yaro ya san duka biyun.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a abin da muke ci. Amin.